Sassabin Zamani: Tarihin Kututturan Maraɗi da Tunanin Injiniya



Ran da takardar gayyata ta iso mini, aka ce ana so in yi magana gaban injiniyoyi da masu koyon injiniyanci a kan tunani da ƙirƙira, sai da na sake duba sunan da ke bayan ambulan, don na zaci masinja ne ya yi ɓatan kai. Ni dai malamin Hausa ne, ban taɓa auna ƙarfin gada ba, ban kuma san adadin siminti da yashin da ake haɗawa a zuba dakali ba. Amma da na zauna na yi nazari, sai na tuna da wata kalma guda ta Hausa wadda tarihinta ya shafi aikinku ƙwarai, kuma ita zan bi diddiginta yau. Kalmar ita ce sassabe.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san sassabe. Aiki ne na bazara, kafin ruwa ya sauka. Manomi ya shiga gona da gatari da adda, ya sare duk wani toho da ya fito tun bayan girbi, ya tara ya cinna wuta, gona ta fito fes. Gonar da aka bari da tsirrai barkatai kuwa gonar rago ce, abin gori a dandali. To, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, an sami wani aiki da manoma ke kira sassabin zamani, wanda ma'anarsa ta kusa zama kishiyar ta farko, domin mai yin sa yana shiga gona da addarsa ne don ya zaɓi abin da zai bari ya girma. Yadda aka yi kalma ta juya haka, da abin da ya faru ga ƙasa sanadiyyar juyawarta, shi ne labarina.

Bari in fara faɗin abin da ya haɗa labarin da fanninku. A shekarar 1994 wani malamin tsara filaye a wata jami'a da ke Pomona, cikin Jihar Kalifoniya ta Amurka, mai suna John Lyle, ya buga littafi wanda ya yaɗa wani ra'ayi tsakanin magina da injiniyoyi. Ya ce galibin ayyukan da zamani ya ƙago miƙaƙƙen layi ne: a ɗebo abu daga wani wuri, a yi amfani da shi, a zubar a wani wuri. Can mafari yana ƙarewa, nan juji yana cika. Shi a ganinsa kamata ya yi a tsara aiki ya zama kamar zobe, yadda zai riƙa mayar da abin da ya ci, yana dogara da aikin da rana da ruwa da ƙasa da tsirrai ke yi da kansu ba tare da an biya su ba. Kalmar Turancin da ya zaɓa tana nufin sake haifuwa. Ana iya fassara ta da tsari mai sabunta kansa, amma ni na fi son in ce tsari mai toho, kuma za ku ga dalili nan gaba. Shi dai ra'ayin ba baƙo ne gare mu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano, ya bayyana yadda jakuna ke fita daga birnin Kano da rani ɗauke da mangalolin taki da toka zuwa gonakin kewaye, su komo da itace da hatsi, har gonakin suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Zoben Lyle ke nan, sai dai masu jakunan ba su rubuta littafi ba.

Tarihin da nake son bayarwa ya fara ne da wani hoto da ya shiga kan masu mulki ya ƙi fita. A shekarar 1934 wani Baturen Ingila, E. P. Stebbing, wanda ya daɗe yana aikin gandun daji a Indiya kafin ya zama shehin malami a Jami'ar Edinbara, ya ratsa Afirka ta Yamma, ya bi ta arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya tsaya gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa a Landan ya ba da lacca wadda ta tayar da hankalin hukumomin mulkin mallaka. Ya ce Sahara tana tafiya kudu, kimanin kilomita guda a shekara, tana cin ƙasar noma, kuma maganin abin shi ne a kafa dogayen ɗamarori na daji a gabanta, inda ba za a yarda a yi noma ko a sa wuta ba. Abin lura shi ne da rani ya yi tafiyar tasa. Wanda kuwa ya ga ƙasar Daura a watan Maris, bai taɓa ganinta a watan Agusta ba, in ya rantse cewa hamada ta iso ba za a ce ya yi ƙarya da gangan ba.

Ingila da Faransa suka naɗa hukumar haɗin gwiwa ta masana gandun daji, ta bi kan iyakar Nijeriya da Nijar a ƙarshen 1936 da farkon 1937. Ta komo ta ce ba ta ga alamar yashin Sahara yana tahowa ba, abin da ta gani lalacewa ce ta wuri wuri, wadda sara da ƙuna da yawan noma suka haddasa. Ɗaya daga cikin 'yan hukumar, André Aubréville na Faransa, shi ne a 1949 ya yaɗa kalmar da ake amfani da ita a duniya yau, kuma abin da yake nufi da ita shi ne ƙasa ta lalace daga cikinta ta hannun mutane. Amma ku dubi yadda muka fassara ta: gurgusowar hamada, ko kwararowar hamada. Abin da ke gurgusowa daga waje yake, kamar rundunar yaƙi, abin da ke kwararowa kuma kamar ambaliya yake. Wato fassararmu hoton Stebbing ta ɗauka, ta bar na hukumar da ta ƙaryata shi. In kuwa aka gaya wa injiniya cewa abu yana tahowa, ba abin da zai fara zuwa masa sai ganuwa. Wannan laifin namu ne, mu masu harshe, kuma na amsa shi.

Mu koma Maraɗi. Ba sai na tuna muku ba cewa mutanenta danginmu ne, tun da sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19. Gonakin wannan yanki da na Damagaram a da ba fili ne fetal ba. Akwai kuka da tsamiya da aduwa da magarya da ƙirya a cikinsu, uwa uba gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore shar da rani, lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da suka kwanta ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa su ma taki suke bari. Ana ruwaito cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, cikin ƙarni na 19, saran gawo laifi ne mai hukunci mai tsanani.

Abubuwa da dama suka haɗu suka share wannan itace. A watan Yuli na 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji ga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, wadda ta sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin ikon hukuma. Nijar ta sami 'yanci a 1960, amma dokar da ta yi a 1974 bisa wannan turba ta bi. An yi dokar ne don a kare itace. Abin da ta haifar shi ne manomi ya zama ba shi da iko da bishiyar da ta tsiro a tsakiyar gonar ubansa: in ya sare reshe ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara, in wani ya zo da dare ya sare, shi ɗin dai za a tuhuma. To, mai hankali sai ya cire tsiron tun yana ƙarami, kafin ya zama abin shari'a. Ga kuma noman gyaɗa da aka matsa wa talakawa su yi don biyan haraji, ga malaman gona suna horo da a tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Jama'a ta yawaita, gona ta daina hutawa, saura ta ƙare. Da itace ya tafi, iskar farkon damina ta sami fili, tana binne shuka ko ta yanke ta da yashi, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a shekara guda. Mata suka rasa itacen girki a kusa, suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma cikin ƙasa ya zama abincin baɗi shi ke tafiya cikin hayaƙi. Zobe ya tsinke ta ko'ina.

A kan wannan hali ne farin 1968 zuwa 1974 ya auko. Dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura, duniya ta ji labari, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a Nairobi a 1977 a kan hamada. Kuɗi suka shigo, masana suka biyo su. Tambayar da suka yi wa kansu mai sauƙi ce: babu itace, yaya za a samar da itace? Amsarta kuma a fili take, a dasa. Aka buɗe lambunan reno, ana shuka darbejiya da turare cikin 'yan jakunkunan leda, ana ɗiba a mota a kai ƙauyuka, a kewaye fili da waya, a sa mai gadi, a riƙa jigilar ruwa. Kowane mataki yana da lissafi, yana da rasit, ana iya rubuta shi cikin rahoton ƙarshen shekara. Sai dai mafi yawan dashen mutuwa ya yi. Wanda rana ta bari gara ta ci, wanda gara ta bari awaki suka ci, wanda ya tsira kuma ba a san mai shi ba, don haka ba mai kula da shi. Don adalci, ba duka ne suka faɗi ba. A kwarin Majiya na ƙasar Tawa, daga 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun dasa layukan darbejiya masu tare iska na ɗaruruwan kilomitoci, kuma sun kama. Amma can ruwa yana kusa a ƙarƙashin ƙasa, kuɗin da aka kashe kuma ba wanda za a iya kashewa a kowane ƙauye ba ne.

Mu ma a wannan gefe muna da namu misalin na aikin da lissafinsa ya cika amma ƙasa ta ƙi amincewa. Babban aikin noman rani na kudancin Tafkin Cadi, a Borno, an tsara shi ne bisa ma'aunin ruwan shekarun 1960, lokacin da tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kafin a gama haƙa magudanai tafkin ya ja baya, zuwa tsakiyar shekarun 1980 bakin magudanar ya koma kan tudu. Manoma kuwa suka bi ruwan, suna shuka masara da wake a danshin da ya bari.

A cikin masu jigilar dashe a ƙasar Maraɗi akwai wani saurayi ɗan Ostareliya, malamin gona, mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya kuma koyi Hausa. Ya yi shekara biyu da wani abu yana dasawa suna mutuwa, har ya fara fid da rai. Bisa ga yadda shi kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 yana janye da tirela cike da dashe, ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda yashi. Ya duba gabas da yamma bai ga bishiya ba sai ɗaiɗai. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbansa bai kula ba, domin ya ɗauke su ciyayi ne marasa amfani. Wannan karon ya taka ya je ya dubi ganyen, sai ya ga ai ganyen bishiya ne. Kututture ne na itacen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa da rai, kowace shekara yana toho, kowace bazara kuma adda tana mayar da shi inda ya fito. Da ya ɗaga kai ya sake duban gonakin, sai ya ga ashe cike suke da irinsa. Dajin da ake ta kashe kuɗi a dasa yana nan a ƙarƙashin ƙasa bai mutu ba.

Ina roƙon ɗalibai su tsaya a nan kaɗan. Mutumin nan bai ƙago na'ura ba, bai kawo sabon iri ba, kuma abin da ya gani kowane manomi da kowane yaro mai kiwon awaki ya riga shi sani: wa bai san kalgo da sabara da geza suna toho ba? Abin da ya canja ita ce tambaya. Da ana tambayar yadda za a kawo itace, yanzu kuwa sai ya tambayi abin da ke hana itacen da ke nan girma. Tambaya ta farko lambun reno take bukata da mota da waya. Ta biyu adda kawai take bukata, sa'an nan da abin da ya fi mota wuyar samu, wato mutane su sake ra'ayi, hukuma kuma ta sake doka.

Aikin kansa ba shi da wuya. Manomi zai zaga gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so, gwargwadon irin itacen da amfaninsa. A kowane kututture zai tarar da toho ashirin ko talatin suna gasar abinci, ba mai girma a cikinsu. Sai ya zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya kuma rage rassan gefe zuwa rabin tsawon sandar, yana sara daga ƙasa zuwa sama da kaifaffiyar adda don kada ɓawo ya yage. Wasu sukan ɗaura tsumma don mai wucewa ya san da mai shi. Dalilin da ya sa yake girma da sauri kuwa injiniya zai fi kowa gane shi. Dashen leda saiwarsa ba ta fi taƙi guda ba, a busasshen yashi na sama take, dole a shayar da shi. Kututture kuwa yana da saiwar babbar bishiya, wadda ta riga ta nutse ta kai ga danshi, ta kuma tara abinci. Harsashi ne da aka riga aka gina, aka biya kuɗinsa tuntuni, gini kawai ya rage. Cikin shekara biyu ko uku sandar takan wuce tsawon mutum, kuma tun daga shekarar farko rassan da aka rage sun zama itacen girki. Bayan haka sai a riƙa sare sanda guda a shekara, a bar sabon toho ya maye gurbinta.

Kada a zaci mutane sun karɓa da murna. Manoma goma sha wani abu ne suka yarda su gwada a farko, aka yi ta yi musu dariya, ana kiran Baturen mahaukaci, wasu ma aka bi dare aka sare musu. Kuma tsoronsu da hujja: inuwa za ta danne gero, tsuntsaye za su sami masauki, gona za ta zama ta rago a idon surukai. Sai ga 1984. Ruwa ya ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyakokinta a watan Afrilu na shekarar, hatsin da kan tsallaka ya tsaya. Mun saba raɗa wa yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1914, to, wannan mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari, da sunan shugaban da ya rufe iyakar. A watan Mayu na shekarar nan gwamnatin Seyni Kunce ta kira taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Mishan kuma ta shiga rabon abinci a bakin aiki a ƙauyuka wajen ɗari, ta sa sharaɗi cewa mai karɓa ya bar itatuwa su girma a gonarsa. Ta haka aka reni bishiyoyi kimanin dubu 500. Da yunwa ta wuce rabo ya tsaya, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku.

In da ma'aikacin ofis ne zai rubuta rahoto a wannan shekara, da ya ce aiki ya faɗi, kuma ba wanda zai zarge shi. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya ɗauki aikin. Masu shi sun ga gero bai ragu ba, shuka ta daina binnewa, mata sun huta da tafiya, ga itacen sayarwa ranar kasuwa, ga sanduna na rumbu da danni. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyakar gona ya gani. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki, a kasuwa da wurin biki da wurin jana'iza, ba tare da mota ko alawus ba.

Maganar mallaka ita ce ƙashin bayan al'amarin, kuma ma'aikatan gwamnati nake nufi da wannan. Tun da farko sai da aka nemi ma'aikatar gandun daji ta Maraɗi ta sassauta, ta yarda wanda ya reni itace a gonarsa ya amfana da shi. Bayan rasuwar Kunce a 1987 kuma ƙasar ta shiga shekarun rikicin siyasa da ƙarancin kuɗi, ma'aikata suka rage shiga ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu nasu ne tun doka ba ta faɗa ba. Abin kunya ne a faɗa gaban ma'aikata, amma raunin hukuma ya taimaki itace a wannan karon. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocinsu na tsaro, da maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka sa tararsu. Doka ta biyo baya a hankali: sabuwar dokar gandun daji a 2004, sa'an nan a 2020 dokar shugaban ƙasa wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena.

Abin mamaki shi ne an yi wajen shekara ashirin ba wanda ya san girman abin, har gwamnatin Nijar kanta, domin ba a rubuta shi cikin kasafin kowace ma'aikata ba. Sai daga 2004, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na lokacin, suka kuma bi ƙasa suka ƙidaya. Ƙiyasinsu shi ne eka-eka ta gona mai faɗin hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da bishiyoyi kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan dubu 500 a shekara. A Magarya da Matamaye da Mirya na ƙasar Damagaram kaɗai sun sami kusan hekta miliyan guda ta matasan gawo, kuma can ba Bature ne ya kai musu ba. Waɗansu sun gano a wurin cin rani, waɗansu tsohuwar al'adar kakanni suka farfaɗo da ita. Saboda haka nake ganin kuskure ne a mai da labarin na mutum guda, ko da yake Rinaudo ya cancanci lambar yabon da aka ba shi a Suwidin a 2018 tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Akwai abubuwan da tilas a faɗa don kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Lambobin nan ƙiyasi ne, kuma masana na muhawara a kansu. Ruwan sama ya ɗan ƙaru bayan shekarun 1980, wannan ma ya taimaka. Itace bai hana yunwar 2005 ta yi wa Maraɗi ɓarna ba, sai dai gidan da ke da shi ya sami abin sayarwa ya sayi tiyar hatsi. Da itace ya zama na mai gona, matar da ba ta da gona, wadda da take tsinta ko'ina, ta rasa wurin tsinta, makiyayi mai sassaƙo wa dabbobinsa ganye kuma ya zama ɓarawo a idon wasu. Sa'an nan inda saiwa ta riga ta mutu, ƙasa ta zama faƙo, babu tohon da za a rena. Can sai an koma ga haƙa, kamar yadda manoman Ilela ta ƙasar Tawa suka yi bayan wasunsu sun ziyarci Yatenga a Burkina Faso a 1989, suka komo suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, suna zuba taki a ciki, gara ta huda ƙasa ruwa ya shiga, gero ya fito, irin itacen da ke cikin takin shi ma ya fito. A irin wannan wuri ana bukatar mai auna gangare da mai lissafin gudun ruwa, wato ku.

Hoton Stebbing kuwa bai mutu ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka zana a farko a matsayin ɗamara mai faɗin kilomita 15 daga Dakar zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. Daga baya masu shirin da kansu suka sauya shi, suka bar maganar layi guda suka koma ga gyaran ƙasa wuri wuri, kuma abin da ya faru a Nijar na cikin dalilan sauyin. Rahoton 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka gyara a cikin yankin shirin, daga miliyan 100 da aka yi niyya, wato bai kai abin da talakawan Maraɗi da Damagaram suka yi da addunansu ba. Nijeriya ta kafa hukumarta ta wannan shiri a 2015, mai aiki a jihohi 11 na arewa. Masu binciken da na ambata sun nuna hotunan wasu wurare na kan iyaka inda gefen Nijar ya fi namu itace, alhali kuwa mu muke kudu, mun fi su samun ruwa, ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Wanda duk ya bi hanyar Jibiya ko ta Daura zuwa Kongwalam a watan Afrilu zai ga kalgo da sabara sun yi toho a gonaki, zai kuma ga hayaƙin sassabe yana tashi. A takardun kasafin da na saba gani akwai layin sayen leda, da na man motar ban ruwa, da na bikin ranar dashe, kuma ana iya ƙidaya dashe a rubuta adadinsa tun ranar da aka sa shi a rami, ko da ba zai ga watan Maris ba. Kututture ba a saye shi, ba a ba da kwangilarsa, don haka ba shi da layi.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.